Task Killer Da Booster: Cire Su Daga Wayarka, Cajinka Suke Sha

Yau magana ce a kan manhajojin nan da ake kira Task Killer, Booster, Cleaner ko Battery Saver, masu hoton tsintsiya ko roka. Kana danna su sai ka ga roka ta tashi sama, a rubuto maka cewa an kashe manhajoji kaza, waya ta ƙara gudu.

Daga Rabah zuwa Gandi, Wurno, Achida har Goronyo, da wuya ka karɓi wayoyi biyar ba ka tarar da irin wannan manhaja a cikin wasu ba. Wani mai turin finafinai ne ya saka masa ranar kasuwa, wani abokinsa ne ya tura masa ta Xender, wani kuma talla ce ta faɗo masa tana cewa wayarsa ta cika da datti, ya tsorata ya sauke. Ra'ayina a kansu ɗaya ne: ka cire su. Ba sa ƙara wa waya gudu, ba sa adana caji, kuma akwai ranar da za su iya jawo maka asara. Ga dalilaina.

Da farko mu gane abin da ake ce wa RAM. Waya tana da ma'ajiya iri biyu. Akwai wadda hotuna, bidiyo da karatuttukanka suke zaune a ciki ko da an kashe waya. Akwai kuma RAM, wurin da waya take ajiye manhajojin da kake aiki da su yanzu ko ka gama aiki da su ba da jimawa ba. Idan ka fita daga WhatsApp ka shiga Facebook, Android ba ya rufe WhatsApp gaba ɗaya, kwantar da shi yake yi a RAM don idan ka dawo ya buɗe nan take. Manhajar da ke kwance haka kusan ba ta cin komai a batir.

Ka duba mai shayi a tasha. Tukunyarsa tana kan wuta kaɗan-kaɗan, duk wanda ya zo a zuba masa. To a ce wani ya ba shi shawara ya riƙa kashe wutar bayan kowane kofi, wai don tattalin itace. Mutum na gaba ya zo, sai an sake hura wuta, a jira ruwa ya tafasa. Itacen da zai ƙone ya fi na da, ga ɓata lokaci. Aikin Task Killer ke nan. Yana kashe manhajar da ke kwance, bayan ɗan lokaci wasu su sake tashi da kansu domin an gina su ne su jira saƙo, shi kuma ya sake kashe su. Wannan tashi da faɗuwa shi ne ke wahalar da injin waya, ya sa ta zafi, ya sha caji. Kuma kar ka manta, shi kansa Booster ɗin manhaja ce da ke zaune a bayan fage dare da rana, tana cin RAM, tana jawo tallace-tallace da datarka.

RAM da babu komai a cikinta ba ta amfana maka komai. Idan waya ta buƙaci wuri, Android da kansa yake rufe manhajar da aka fi daɗewa ba a taɓa ba. Tun asali haka aka gina shi.

Wani zai ce, to me ya sa suka yi suna haka? A shekarun farko na Android, wajajen 2009 da 2010, wayoyi RAM ɗinsu ƙarama ce ƙwarai, tsarin ma bai gama nuna ba, shi ya sa mutane suka rungumi waɗannan manhajoji. Amma Google bai tsaya nan ba. A 2015, Android 6 ya zo da tsarin Doze, wanda ke sa manhajoji barci idan an ajiye waya ba a taɓa ta. A 2017, Android 8 ya taƙaita abin da manhaja za ta iya yi a bayan fage. A 2018, Android 9 ya kawo Adaptive Battery, mai lura da manhajojin da ba ka cika buɗewa ba ya rage musu wuta. Sai a 2023 Android 14 ya rufe ƙofar da Task Killer suka saba bi: manhajar da ka sauko da ita ba ta da ikon kashe ayyukan wata manhaja ta wannan hanya, nata kawai za ta iya kashewa. Ma'ana, idan wayarka sabuwa ce, rokar nan da kake gani tana tashi wasan kwaikwayo ne kawai. Idan kuma tsohuwa ce, kisan yana yiwuwa, amma illarsa ta fi amfaninsa. Masu iPhone ma haka abin yake. A 2016 an tambayi Craig Federighi, shugaban sashen manhaja na Apple, ko rufe manhajoji ɗaya bayan ɗaya yana ƙara wa batir kwana, ya ce a'a.

Sai kuma tarihin masu yin su. Clean Master, wadda ta fi kowacce shahara a nan, ta kamfanin Cheetah Mobile ce na ƙasar Sin. A Nuwamban 2018 kafar BuzzFeed News ta wallafa bincike da ya zargi wasu manhajojin kamfanin da maguɗin kuɗin talla. A Fabrairun 2020 Google ya kori manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda tallace-tallace masu takura wa mutane, kuma na Cheetah Mobile suna ciki. A Yunin wannan shekarar Indiya ta haramta manhajoji 59, har da Clean Master da DU Battery Saver. To abin da aka kora daga Play Store shekaru da suka wuce, shi ne har yau ake tura wa mutane daga waya zuwa waya, ba wanda ya san hannun da ya bi ko abin da aka cusa a ciki. Kuma wayar nan ita ce mai ɗauke da manhajar bankinka, OPay ko Moniepoint ɗinka. Ka tambayi kanka: me ya haɗa mai share datti da neman izinin ganin lambobin mutanenka ko karanta saƙonninka?

Abin da ya fi damuna shi ne saƙon da ke makara. Idan aka tilasta wa manhaja tsayawa, tana iya daina kawo sanarwa har sai ka buɗe ta da hannunka. Mai albasa ko shinkafa a Wurno yana jiran saƙon dillali daga Sakkwato a kan farashi, saƙon ya shigo tun safe, bai gani ba sai la'asar. Mai shago yana jiran sanarwar shigar kuɗi, shiru, mai saye yana tsaye yana rantsuwa ya tura. Wani ya saita manhajar kiran sallah don asuba, ba ta yi ƙara ba. Mafi girma duka, kowa ya san halin tsaro da gabashin Sakkwato ke ciki. Sau da yawa labarin cewa hanya kaza ba lafiya a zauren WhatsApp na gari ake fara sa shi. Irin wannan saƙo idan ya makara da rabin awa, ba maganar batir ake yi ba kuma.

Na san akwai mai cewa, ni dai ina dannawa ina ganin waya ta saki. Gaskiya ne, za ka iya jin haka na 'yan mintuna, musamman a waya mai RAM 1GB ko 2GB. Amma ka lura da kyau, manhajar da ka buɗe bayan nan ta fi daɗewa kafin ta tashi, kuma ba a jimawa nauyin ya dawo, ka sake dannawa. Maganin da sai an sha shi sau goma a yini kuma ciwon yana nan, ai da sake.

Kuma ban ce matsalar caji ƙarya ba ce. Wutar NEPA ba ta zama, da yawanmu sai an kai waya shagon caji an biya. Sai dai ɓarayin cajin na gaskiya daban suke. Na ɗaya hasken sikirin, shi ne kan gaba. Na biyu raunin sabis: idan kana ƙauyen da sanda ɗaya ce ke zuwa tana tafiya, waya tana ƙara ƙarfi wajen neman eriya, caji yana zuba. Na uku zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin nan yana haura digiri 40, kuma zafi yana tsufar da batir da wuri, balle a bar waya a rana ko a jibge ta cikin wasu wayoyi a wurin caji. Na huɗu bidiyo, TikTok da Facebook na awa da awanni. Na biyar tsufan batir, wanda babu manhajar da za ta gyara shi, sai canji.

To me za ka yi a maimakon Booster?

1. Cire duk wani Task Killer, Booster ko Cleaner da ka sauko da shi ko aka tura maka.

2. Shiga Settings, ka je Battery, ka duba manhajar da ta fi shan caji. Idan ba ka amfani da ita, goge ta. Idan kana amfani da ita jefi-jefi, ka taƙaita mata aikin bayan fage daga nan.

3. Idan wata manhaja ta maƙale ko tana sa waya zafi, shiga Apps ka zaɓe ta ita kaɗai ka danna Force stop. Wannan shi ne wurin da kisa yake da amfani: mai laifi ɗaya, sau ɗaya.

4. Masu Tecno, Infinix da itel, wayoyinku suna zuwa da Phone Master. Ba sai kun riƙa danna shi kullum ba. Ku nemi wurin Auto-start a ciki, ku tabbatar an bar WhatsApp, manhajar banki da ta kiran sallah a kunne.

5. Idan ma'ajiya ce ta cika, shiga WhatsApp, Settings, Storage and data, ka goge bidiyoyin da aka yi ta turowa a zaure. Manhajar Files ta Google ma tana wannan aikin ba tare da talla ba.

6. Waya mai ƙaramar RAM, yi amfani da Facebook Lite da sauran masu sauƙi irinsa.

7. Rage hasken sikirin, kashe data idan ba ka buƙata, ka kunna Battery Saver na cikin wayar idan caji ya yi ƙasa. Sannan ka riƙa kashe waya ka kunna ko sau ɗaya a mako.

'Yan uwa masu shagon caji da turi, ku ne mutane suka yarda da ku a harkar waya. Dattijo ko uwar gida idan suka miƙo muku waya suka ce ta yi nauyi, don Allah kar ku saka musu roka. Ku duba musu ma'ajiya da batir, ku goge abin da ba sa buƙata.

Kai kuma mai karatu, gwada da kanka. Cire Booster ɗin yau, ka yi amfani da wayarka yadda ka saba na kwana uku, ka lura da awa nawa caji yake kai ka da kuma lokacin da saƙonni suke shigowa. Ka tura wa wanda ka san yana da irin wannan manhaja a wayarsa. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, amin.