Sabon Jami'in Kula da Aiki: Sa Hannu Ba Wasa Ba Ne

Garin Kafancan kansa aiki ne ya haife shi. A shekarar 1927 ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya mai da wurin mahaɗa, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya Jos, garin ya bunƙasa. To, tun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙaddamar da shirin sabunta birane a 2019, wanda ya haɗa da Kafancan, samari da dama da suka fito makaranta suka sami kansu a kan kujerar kula da ayyuka, kamar ginin ajujuwa da kwalbatoci da hanyoyi. Kujerar kuwa tana da ƙaya.

Abu na farko da ke kayar da sabon hannu shi ne damina. A ƙasar Jama'a ruwa yakan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba. Wanda ya tsara aikin cikon ƙasa a watan Agusta ya tsara wa kansa kunya. Ya kamata a gama tono da ciko da rani, a bar aikin cikin ɗaki ga damina.

Na biyu, kuɗi. Dokar ba da kwangila ta Tarayya ta 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, daga baya aka ɗaga shi zuwa 30. Sauran kuwa ba a biya sai jami'i ya sa hannu cewa aiki ya kai inda aka ce. Nan ne ɗan kwangila zai zo da fara'a da alkawari. Amma kankare yana bukatar ban ruwa na kwana 7 aƙalla, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai kwana 28. Ran da kwalbati ya rufta, sunan wanda ya sa hannu za a nema a fayil. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 farashin siminti da dako ya hau, saboda haka kowane canjin farashi sai a rubuce, ba da fatar baki ba.

Na uku, mutane. Hanyar da za ta ratsa gonar citta a Kwoi ko Kaciya ba ta tafiya sai an zauna da dagaci da mai gona, an daidaita diyya. Haka kuma tsohon birkila da ya shekara 30 yana riƙe da cokali ya san abin da takardar shaida ba ta koyar ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Saboda haka sabon jami'i ya riƙe littafin aiki, ya rubuta abin da aka yi kullum, ya auna da idonsa kafin ya ɗauki biro. Allah ya ba da sa'a.