Ordinater cikin ordinater: yadda ake girka Koha a ɗakin karatu

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin karatu na wata makaranta ko na wata ma'aikata don aron littafi, ya san babban kundin nan mai baƙin bango da ke bisa tebur. Ciki ake rubuta sunan mai aro da ranar da ya ce zai maido. Kundin ba ya ƙarya, amma kuma ba ya buɗa baki ya tuna wa kowa cewa littafin lissafin da aka ara tun kafin azumi bai dawo ba. Ɗan kasuwar da ke ba da bashi ya san irin wannan ciwo. Haka littattafan da aka sayo da kuɗɗin jama'a ke sulalewa ɗaya bayan ɗaya, sai ranar da aka canza ma'aikaci, wanda ya gaje shi ya tarar da kantoci rabi wofi, ba kuma wanda za a tuhuma.

Maganin abin ya daɗe da samuwa, kuma ba sayar da shi ake ba. A shekarar 1999, ɗakunan karatu na gundumar Horowhenua, can ƙasar Niyu Zilan, sun ga tsohon tsarinsu na ordinater ba zai tsallake shiga shekarar 2000 lafiya ba. Sai suka sa wani kamfani mai suna Katipo ya rubuta musu sabuwar manhaja, ta fara aiki a watan Janairu na 2000, sannan suka sake ta ga duniya kyauta. Sunanta Koha, wato kyauta a harshen Mawori, mutanen asali na ƙasar. Ita ke riƙe jerin littattafai, da sunayen masu aro, da lissafin wanda ya makara. Faransawa ma su na da tasu, PMB, wadda aka soma a 2002, ita ma kyauta ce.

To, ina gizo ke saƙar? Koha ba ta zama bisa Windows. Gidanta Linux ne, musamman Debian ko Ubuntu, alhali ordinater guda da ke biro Windows ce, kuma cike take da wasiƙun sakatare da takardun albashi. Ba shugaban ma'aikatar da zai yarda a share su don littattafai. Nan ne dabarar ordinater cikin ordinater ke shigowa. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ja bango cikin shagonsa ya fitar da ɗan ɗaki ya ba ɗan haya: rufi ɗaya, kuran ɗaya, amma kowa da ƙofarsa da makullinsa. Manhajar VirtualBox ta kamfanin Oracle, wadda ita ma ake saukewa kyauta, ita ke jan wannan bango. Ta na yanko wani rabo na ƙwaƙwalwar na'ura da na faifanta, ta mai da shi wata ordinater ta daban, wadda Windows ke gani kamar fayil kawai.

Kafin komi, sai a leƙa BIOS a tabbata an buɗa abin da Intel ke kira VT-x, AMD kuma AMD-V. In ya na rufe, ɗan hayan ba zai ko tashi ba. Na'ura mai giga 8 na ƙwaƙwalwa ta na iya ba shi 4, da giga 40 na faifai, ta ci gaba da aikinta ba tare da nishi ba. Sai a girka Debian ciki, ba ado ba hotuna, baƙin allo da rubutu kaɗai. Daga nan mai hankali ya kan dakata ya ɗauki abin da VirtualBox ke kira hoton na'ura, wato ya adana halin da take ciki a wannan lokaci. In aiki ya cakuɗe gaba, cikin minti guda ake komawa nan, maimakon a sake faro wa daga tushe.

Sauran aikin umarni ne ƙalilan, amma su na bukatar intanet mai ɗan ƙarfi. Ana ƙara adireshin rumbun Koha, a sauke MariaDB wadda ke ajiyar bayanai, da koha-common, sannan umarnin koha-create ya buɗa ɗakin karatun da sunan da aka zaɓa. Ƙofa biyu ke fitowa: ta ma'aikata, inda ake shigar da littafi a ba da aro, da ta jama'a, inda mai karatu ke neman abin da ya ke so. Ana iya mai da su duka da Faransanci. Wuri ɗaya ne ba ya son gaggawa: Koha za ta tambayi tsarin rubuta bayanin littafi, MARC21 ko UNIMARC. Faransa da masu bin tafarkinta sun fi aiki da UNIMARC. Canza ra'ayi bayan an shigar da littafi dubu biyar wahala ce babba, don haka a yi shawara tun ranar.

Inda mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe shi ne hanyar sadarwa. VirtualBox ta kan fara ne da tsarin NAT: ɗan haya ya na iya leƙawa waje, amma na waje ba ya ganin sa. Sai a ga komi ya girku daidai, amma ordinater ta biro na kusa ta kasa buɗa Koha, a shiga zargin manhaja ba laifinta. Sai an juya zuwa tsarin gada, wanda allon Faransanci ke kira «accès par pont», a kuma ba ta adireshin IP tsayayye wanda ba ya canzawa kowace safiya.

Saura maganar kuran, wadda duk mazaunin Maradi ko Damagaram ya san halinta lokacin bazara. Yankewar wuta tsakar aiki ta na iya lalata ma'ajiyar bayanai, saboda haka batirin tsaro, wanda ake kira ondilar, ba kayan ƙawa ba ne. Koha ta kan yi kwafin ajiya kowace rana, amma cikin ɗakin ɗan hayan take ajiye shi, kuma sai na'urar ta na kunne a lokacin da aka tsara. Hoton na'ura shi ma bisa faifai guda ya ke kwance. Ranar da faifan ya mutu ko ɓarawo ya shiga biro, an zama kamar wanda ya sa rasit cikin buhun da aka sace. Kwafin ya kamata ya fita kowane mako bisa kile USB, ya kwana wani gini daban.

Ga makaranta ko ƙaramar ma'aikata, wannan dabara ta wadatar, har ma ana iya naɗe na'urar gaba ɗaya cikin fayil guda mai suna OVA, wanda aka girka a Yamai a kai shi Tawa a buɗa. Jami'a mai dubban ɗalibai kuwa, gara ta ba Koha na'urarta ta kanta.

Girkawar yini guda ce. Abin da ke cin watanni shi ne shigar da littattafan. Na Faransanci da sauƙi, don ta hanyar Z39.50 Koha na iya kwaso bayaninsu daga babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Amma littattafan yaƙi da jahilci na Hausa da Zabarmanci, da rubuce-rubucen ajami, mafi yawansu sai an zauna an buga da hannu, kuma tun littafin farko a gwada ko ƙ da ɗ da ɓ da ƴ su na fitowa daidai wajen nema.