Yarjejeniyar Amman da kujerun hawan Arfa

Mahajjata fiye da miliyan 1.8 ne suka yi tsayuwar Arfa a shekarar 2024, amma ƙa'idar da ta tsara rabon kowace ƙasa ta samo asali ne daga teburin diflomasiyya. Bayan arangamar da aka yi a Makka a 1987 tsakanin mahajjatan Iran da jami'an tsaron Saudiyya, inda mutane sama da 400 suka rasu, ministocin harkokin waje na ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC sun amince a birnin Amman a 1988 da tsarin kujera ɗaya ga kowane mutum dubu. Iran ta ƙaurace wa aikin hajji har zuwa 1991.

Tsarin ya rage taƙaddama tsakanin gwamnatoci, sai dai bai tanadi komai kan tsadar tafiya ba. Nijeriya ta samu kujeru 95,000 a 2024, amma faɗuwar darajar naira ta hana ta cike su, duk da tallafin naira biliyan 90 daga gwamnatin tarayya. Ga maniyyacin Kano ko Maraɗi, kuɗin kujerar ne babban shinge a yanzu.