Ɓeran Masar Ma Rai Gare Shi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba ya san darajar da dabba take da ita a wannan gari. Kasuwa ce da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, inda manyan motoci kan yi layi ana lodin bijimai zuwa Legas da Fatakwal. Idan sa ya yi tari, mai shi ba ya runtsawa sai ya nemo likitan dabbobi, gama dukiya ce mai yawa a tsaye bisa ƙafa huɗu.

Amma a lungunan gidajen garin akwai wata 'yar dabba wadda ba ta shiga lissafin kowa, watau ɓeran Masar, wanda yara kan yi kiwo cikin keji tare da zomaye da tattabaru. A ɗauki misalin yaro ɗan firamare wanda ɓeransa ya kwana biyu bai taɓa ganye ba, ya takure a kusurwa, numfashi yana yi masa wuya. Yaron ya sami mahaifinsa ya ce, "Baba, don Allah a kai shi asibitin dabbobi." Amsar da yakan samu sananniya ce: "Kai, tafi can! Asibiti don ɓera? Kai shi juji, ran kasuwa a sayo maka wani." To, a jujin nan dabbar za ta kwana da ranta, cikin rana da ƙishirwa da tururuwa, har kare ko kyanwa su ƙarasa ta.

Wannan halitta ba ɓeran gida ba ce, ba kuma daga Masar ta fito ba. Asalinta tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, inda mutanen Peru da maƙwabtansu suka yi dubban shekaru suna kiwonta. Takan rayu shekara 5 zuwa 7 idan ta sami kulawa. Haƙoranta ba sa daina tsiro, saboda haka sai da ciyawa mai tauri da za ta riƙa goge su. Har wa yau jikinta ba ya ƙera bitamin C, tilas ta samu daga ɗanyen ganye. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, da yake a daji farautarta ake yi, ɗabi'arta ce ta ɓoye ciwo. Kafin mai ita ya lura, sau da yawa cuta ta riga ta ci ƙarfinta.

Wannan ne ya sa ya kamata a fara da likita. Ciwo da yawa yana da magani: a rage haƙorin da ya zarce, a fasa ƙurji, a yi maganin ƙazuwa. Sai idan likita ya duba ya ga an fid da rai, kamar ƙari da ya bazu ko karayar baya, sa'an nan ake maganar hutar da dabbar.

A inda kayan aiki suka wadata, ga yadda abin yake. Ana sa dabbar cikin ɗan akwati, a sakar mata iskar sa barci irin ta ɗakin tiyata, wadda ake kira aisofuluren, ko kuwa a yi mata allurar barci. Idan ta yi nisa har ba ta jin taɓi, sai likita ya yi mata allurar fentobabital fiye da kima, numfashi ya tsaya, zuciya ta biyo baya, duka cikin 'yan mintoci. Kana likita ya saurari ƙirjinta don ya tabbatar. Wannan magani ba na ajiyewa a gida ba ne, kuma yakan zauna a jikin mushen. Saboda haka ba a cin naman, ba a kuma jefar da shi inda kare ko ungulu za su samu. Rami mai zurfi ake haƙawa a binne.

Wasu za su ce wannan ai sangartar Turawa ce. Ba haka ba ne. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, littafin da ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar nan tun kaka da kakanni, an halatta yanka dabbar da ba a cin namanta, kamar jaki, idan an fid da tsammanin rayuwarta, kuma masu sharhi sun bayyana cewa don a hutar da ita ne. Haka nan hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu ya yi umurni da kyautatawa har a wajen yanka, a wasa wuƙa, a sauƙaƙa wa abin yanka. Kowane ɗalibi kuma ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ci ba sha, har ta mutu. Lalle wannan hukunci na dabba ne kaɗai. Ran ɗan Adam ba a yi masa wannan ƙiyasi.

Abin da bai dace ba shi ne hanyoyin da akan bi don gudun ɗawainiya. Nutsarwa cikin bokitin ruwa azaba ce. Maganin ɓera na kasuwa kuwa, wani irinsa yakan sa jini ya riƙa zuba a cikin ciki har kwanaki kafin ajali, ban da haɗarin da yake jawo wa kaji da ƙananan yara. Wanda yake ƙauye nesa da asibiti, wuƙa mai kaifi a hannun babban da ya iya yanka ta fi waɗannan duka jinƙai.

Akwai aiki a gaban hukuma. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, hankalin masu kula da lafiyar dabbobi ya fi karkata ga shanu da tumaki da awaki, kuma ba laifi ba ne, domin su ne arzikin jama'a. Amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Maiduguri suna yaye likitocin da aka horar a kan manyan dabbobi da ƙanana. Ya kamata a tanadar musu maganin barci, a yanka kuɗi kaɗan wanda talaka zai iya biya, kuma idan yaro ya shigo da kwali a hannu kada a yi masa dariya.

Iyaye kuma su tuna cewa yaron yana kallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka nuna masa cewa abin da ya daina amfani juji ne makomarsa, ya ɗauki darasi, kuma wata rana iyayen nan za su tsufa a hannunsa. Wanda kuwa mahaifinsa ya ce masa, "Taso, ɗana, mu je wurin likita," ya tsaya tare da shi har aka gama, suka haƙa rami tare a bayan gida, shi ma ya ɗauki nasa. Farashin sa da na ɓeran Masar ba ɗaya ba ne, amma zafin ciwo ba ya tambayar farashi. Allah Ya sa a gane.