Kada a yar da ƴar tsanar kara

In kaka ta yi a Takeita, aka yanke hatsi da dawa, aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, sai kara ya rage a gona. Manya su kwashi na darni da na hura wuta. Bisashe su ci ganye. Abin da ya saura na yara ne.

Yarinya ta zaɓi kara miƙaƙƙe, ta yanki gaɓa ɗaya, tsawon tafin hannu. Ta kankare ta sumul. Ta nemi baƙin zare, ta liƙa shi a kai da ƙaro, ta yi kitso. Ta je bakin rumfar tela ta tsinto ƙyallaye: wannan zane, wannan kallabi, wannan majanyi. In ta samu ƴan duwatsu, ta yi mata jigida. Shi ke nan, ƴar tsana ta samu. Wasu da ƙashin ƙafar rago suke yin tasu, bayan babbar Salla. Wasu kuma da yumɓun bakin tabki, wanda samari ke gina shanu da raƙuma da shi.

Yau wannan wasa yana ja da baya. Takeita tana bisa babbar hanya, kamar kilomita 50 yamma da Damagaram. Nan hanyar Matamaye da Kano ta rabu da ta Tasawa da Maraɗi. Motoci suna wucewa dare da rana, suna sauke kaya iri iri. Cikin kayan har da ƴan tsanar roba, masu dogon gashi da shuɗin ido. Yarinyar da aka sayo wa ta roba sai ta wurgar da ta kara. Wadda ba a sayo wa ba, sai ta ɓoye tata don kunya.

Wannan kuskure ne. Ƴar tsanar kara ba abin kunya ba ce. Ya kamata yara su ci gaba da yin ta, kowace makaranta kuma ta ajiye wasu, kamar yadda ake ajiye littattafai.

Masu tara ƴan tsana

A duniya akwai manyan mutane, masu furfura, da ke tara ƴan tsana. In sun je wata ƙasa, sai su sayo ɗaya ta zama tsaraba. Sun fi son tsofaffi, waɗanda aka yi da hannu.

A ƙasar Indiya an yi wani mai zane a jarida, sunansa Shankar Pillai. Wata rana wani jakada na ƙasar Hungari ya ba shi kyautar ƴar tsana guda. Ta burge shi, sai ya shiga tarawa. Duk inda ya je sai ya komo da wata. A shekarar 1965 aka buɗe musu gida na musamman a birnin Delhi. An tara fiye da 6,000 a cikinsa, daga ƙasashe sama da 80. Ƴan makaranta suna shiga, su ga tufafin mutanen da ba su taɓa gani ba, ba tare da sun hau jirgi ba.

Kowace ƙasa da irin tata. Mutanen Rasha suna sassaƙa tasu da icce. In an buɗe ta sai a tarar da ƙarama a ciki, cikin ƙaramar kuma akwai wata. Sunanta matiriyoshka. An kai ta babban nunin kaya na birnin Pari a 1900, ta samu lambar yabo, tun daga nan duniya ta san ta. A arewacin Japan akwai kokeshi. Ita ma icce ce: kai ne da gangar jiki, ba hannu, ba ƙafa. Wanda ya san ƴar tsanar kara, in ya ga kokeshi, zai ce ƴan uwa ne. Masassaƙa suna saida ta ga baƙin da ke zuwa wanka a maɓuɓɓugan ruwan zafi. A Gana, Asantawa suna da akuwaba, mai faffaɗan kai kamar faifai. Mace mai neman haihuwa takan goya ta. A Burkina Faso, Mosawa suna kiran tasu biga, wato ɗa.

Ba wadda aka yi da zinariya a cikinsu. Icce ne, da fenti, da ƙyalle. Abin da ya ba su daraja guda ne: masu su ba su raina su ba.

Abin da ƴar tsana ke faɗi

Ƴar tsana ba ta da baki, amma tana ba da labari. Wanda ya dube ta da kyau zai san inda aka yi ta. Zai ga irin kitson matan garin, da yadda suke ɗaura zane da kallabi, da abin da gonarsu ke bayarwa.

Ƙasar Damagaram mahaɗa ce tun da daɗewa. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayari yana zuwa daga Kano, da Barno, da Agadas, har daga Tarabulus. Hausawa, da Barebari, da Fulani, da Abzinawa suna cin kasuwa ɗaya. Kowace mace da irin kitsonta da adonta. A lokacin ba mai ɗaukar hoto a ƙauye. Amma ɗiya tana kallon kan uwarta, ta kwaikwaya bisa ƴar tsana. Da an ajiye ƴan tsanar wancan zamani, da yau an ga adon kakanni da ido. Ba a ajiye ba. Yanzu ko doka, kitson da tsofaffi suka yi ado da shi, yara da yawa sunanta kaɗai suka ji.

Akwai kuma abin da hannu ke koyo. Yarinyar da ta yi ƴar tsana ta auna, ta yanka, ta ɗaura, ta yi kitso, ta yi ɗinki. In ta ɓata, ta sake. Ba wanda zai yi mata faɗa, don kara ba shi da tsada. Daga nan ƙawaye su taru a yi bikin ƴar tsana. A jera kayan ɗaki da marfin kwalba da gwangwanin tumatir. A zaɓi uwar biki, a raba goro na ƙarya, a yi guɗa ta gaskiya. In an haihu a yi suna. A nan yara ke koyon gaisuwa, da rabo, da shawara, da sasanta rigima. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Baƙi sun lura da wannan. Wani malamin makaranta Bafaranshe, Charles Béart, ya bi wasannin yaran Afirka ta Yamma yana rubutawa. A 1955 aka buga aikinsa a Dakar, littattafai biyu manya. Abin da aka ɗauka shirmen yara ne, shi ya cika littattafai biyu.

Masu cewa a'a

Wani zai ce: «Ta roba ta fi kyau, ta fi ƙarƙo.» Gaskiya ne ta fi daɗewa. Ruwa ba ya ɓata ta, gara ba ta cin ta. Wadda aka ba kyautar ta roba ta yi godiya, ta yi wasanta, ba laifi. Amma ta roba a gama take zuwa. Ba abin da ya rage wa hannu ya yi. In hannunta ya ɓalle, ba mai gyarawa. Ta kara kuwa, in ta karye, gona na nan. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Yarinya takan so ta yi kama da ƴar tsanarta. In kullum tana goyon mai farar fata da gashin da ba irin nata ba, wata rana za ta dubi madubi ta ji kamar ita ce ba ta cika ba. Wani mutumin Legas, Taofick Okoya, ya shiga kasuwa neman baƙar ƴar tsana don ya ba ɗiyar ɗan uwansa, bai samu ba. A 2007 ya soma yin nasa, ya sa musu tufafin Hausawa, da Yarabawa, da Ibo. Abin da ya kashe kuɗi ya nema, ɗiyan Takeita suna da shi kyauta tun kaka da kakanni.

Wani kuma zai ce: «Ai yin siffa bai dace ba.» Mai wannan magana yana kiyaye addininsa ne, ba a raina shi. Sai dai an ruwaito cewa Nana A'isha ta yi wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta, tana yarinya. Don haka malamai da yawa suka yarda da su ga yara. Ƴar tsanar kara ma galibi ba ta da ido, ba ta da hanci. Tufafi da kitso su ne adonta.

Wani zai ce: «To, in baƙi na so, a saida musu.» A nan sai an bambanta. Sabuwa, wadda aka yi don kasuwa, a saida ta. Sana'a ce, kamar ta dukawan Damagaram da maginan tukwane na Mirya. Amma tsohon abu na gida, wanda kaka ta ajiye a ƙasan akwati, kada a ba da shi don ƴan kuɗi kaɗan. Kuɗin za su ƙare kafin kasuwa ta zagayo. Abin da ya ƙetare teku kuwa ba ya komowa da sauƙi. A 1892 sojan Faransa suka kwashi kayan fadar Abome. Sai a 2021 aka maida guda 26 ƙasar Benin. Shekara 129 ke nan.

Abin da aji zai iya yi

A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, yana ɗauke da sunan Bubu Hama. An ajiye tufafi, da kayan kiɗa, da kayan sana'a na al'ummomin Nijar a ciki. Amma Yamai da nisa, kuma ba za ta iya ajiye kayan kowane ƙauye ba. Kowane gari shi ya san nasa.

Ba sai an gina ɗaki ba. Katako ɗaya a bangon aji ya isa. Kowane ɗan makaranta, mace da namiji, ya je wurin kakarsa ya ce: «Kaka, da kina ƙarama, da mi kike wasa?» Za ta yi dariya, ta yi masa tsiya, ta ce mai gidanta ya rasa aikin yi. Ya yi haƙuri. In ta gama, za ta ce a kawo mata kara da zare. Ya zauna kusa, ya kalli hannunta, ya yi tasa tare da ita.

In an kawo aji, kowace ƴar tsana a ɗaura mata guntuwar takarda. A rubuta abu huɗu: da mi aka yi ta, a wane gari, a wace shekara, da sunan kitsonta. A rubuta da Hausa, a juya bayan takardar a rubuta da Faransanci. Takardar nan ita ce rabin aikin. Masu tara ƴan tsana sun sani: wadda ba a san asalinta ba, darajarta ta ragu.

Sai a kiyaye su daga gara da danshi. Kada katakon ya taɓa ƙasa. In damina ta zo, a sa su cikin akwatin ƙarfe tare da busasshen ganyen bedi, a riƙa dubawa. Wadda ta lalace a sake yin irinta, a maida mata takardarta. Motar kara da raƙumin yumɓu na samari su ma suna da wuri bisa katakon.

Daga baya aji zai iya yin musaya. A aika guda biyu zuwa wata makaranta a Gure, ko Tanut, ko Tawa, su ma su aiko da nasu. Shankar Pillai da guda ɗaya ya soma.

Tsofaffin da suka iya wannan aiki suna nan da ransu, amma kowace shekara suna raguwa. Kara zai sake fitowa baɗi. Hannun kaka kuwa, in ya tafi, ba ya komowa. In an yanke dawa bana, kada yara su bari a ƙone karan duka.

Tambayoyi

1. Da waɗanne abubuwa ake yin ƴar tsana a Takeita?
2. Ta yaya Shankar Pillai ya soma tara ƴan tsana?
3. Ina kokeshi ta yi kama da ƴar tsanar kara?
4. Mi yarinya ke koyo wurin bikin ƴar tsana?
5. Domin mi aka ce a saida sabuwa amma a ajiye tsohuwa?
6. Mi ake nufi da «guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni»?

Aiki

Kowa ya tambayi wata tsohuwa sunayen kitso uku na da. Ya rubuta su cikin littafinsa, ya zana ɗaya.