Ba Kowace Shawara Ce Ke Jin Saiwa Ba

Idan idon dattijo ya yi rawaya a Ƙafin Maiyaki, ko a ƙauyukan Kiru da Bebeji, hukuncin da akan yanke guda ɗaya ne: shawara ce. Nan da nan sai a jiƙa saiwar rawaya a ba shi. Haƙiƙa mafi yawan rawayar ido a ƙasar Hausa daga ciwon hanta take, ko zazzaɓin cizon sauro, ko amosanin jini. Amma akwai wadda ke fitowa daga cutar daji ta wata gaɓa da masana ke kira fankiriyas, kuma jinkirin gane wannan shi ke hallaka mutane.

Fankiriyas wata 'yar tsoka ce mai tsawon kamar santimita 15, tana kwance a bayan tumbi. Ba ita ce saifa ba, ko da yake mutane da yawa sukan haɗa su. Aikinta biyu ne: fitar da ruwan narkar da abinci, da samar da sinadarin insulin mai daidaita sukari a jini. Idan ƙari ya tsiro a kanta, yakan danne bututun da ke kai ruwan matsarmama cikin hanji. Daga nan sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Sauran alamomin sun haɗa da rama ba dalili, da ciwon ciki mai sokewa zuwa baya, da ciwon sukari da ya bayyana farat ɗaya bayan shekara 50.

Ƙididdigar hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 mutane fiye da 500,000 suka kamu da ita, fiye da 460,000 kuma suka mutu. Maganin da ke iya warkarwa shi ne tiyata, wadda likita Allen Whipple na Amurka ya shahara da ita tun 1935. Sai dai waɗanda akan gano cutarsu tun ana iya yi musu aikin ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Ashe ke nan lokaci shi ne rabin magani.

Duk wannan bayani yana nan a intanet kyauta. Ƙungiyoyi irin su Pancreatic Cancer UK a Ingila suna koyar da majinyata da iyalansu abin da za su ci, da yadda za su rage zafin ciwo, da tambayoyin da ya kamata su yi wa likita. Matsalar ita ce akasarinsa da Turanci yake. Manomin masara a Doguwa, ko mai sana'ar shinkafa a Tudun Wada, ko da waya a hannunsa, abin da ke iso masa da Hausa shi ne muryar mai tallan magani a WhatsApp, wanda ke alkawarin warkar da kowace cuta da gora ɗaya.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan jami'o'i. Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana da masana harshe, ga kuma likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ya kamata ɓangarorin biyu su zauna su daidaita sunayen gaɓoɓi da cututtuka, sa'an nan su naɗi gajerun bayanai na murya waɗanda za su yi yawo a wayoyi.

Wani zai ce ai kuɗin data ya gagari talaka, kuma cutar ba ta kai zazzaɓi yawa ba. Gaskiya ne. Amma saƙon murya guda, idan ya shiga waya ɗaya, majalisa guda ce za ta saurara, gidan rediyo ma zai iya ɗauka. Daɗin daɗawa, darasin da za a koya, wato a kai mai rawayar ido asibiti da wuri, zai ceci masu ciwon hanta, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Malaman kimiyya su ma suna da rawar takawa. In aka zo darasin narkewar abinci, sai su haɗa da waɗannan alamomi, su kuma nuna cewa shan taba yana ninka haɗarin kamuwa kusan sau biyu. Ɗalibi kuwa shi ne tafintan gidansu. Idan idon kakansa ya sauya, aikinsa ne ya roƙi a kai shi asibiti, a auna jini, a ɗauki hoton ciki, tun kafin jiƙo ya cinye makonni. Ko da an makara, akwai magungunan rage zafi da za su ba majinyaci damar yin barci da ganawa da iyalinsa cikin mutunci. Da ma Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.