Kujeru uku a bayan garin Denba, da zaɓen da muka yi cikin minti biyar

Bara, lokacin komawa makaranta, inna ta aike ni in wakilce ta wurin taron uwayen yara na lakkwal ɗin da ƙannena biyu suke karatu. Makaranta ce cike da yara, wasu azuzuwan ma na zana ne. Amma mu da muka zo ba mu cika tabarma uku ba. Direkta ya yi bayaninsa, aka zo maganar sabunta kwamitin COGES, sai wani dattijo ya ce, "To, ai Alhaji yana nan, a bar shi ya ci gaba." Aka yi tafi, aka shafa fatiha. Ko minti biyar ba a yi ba an gama zaɓe. Kada in yi muku ƙarya, ni ma na yi tafin, don sauri nake in je kallon ƙwallo.

Tun ranar abin yake cina. Shi ya sa yau zan ɗauke ku mu je nesa, can Amurka, mu ga abin da irin wannan ƙaramin zaɓe ya taɓa jawo wa mutanen wata gunduma.

A Amurka ba ministan ilimi ke riƙe da makarantun gwamnati daga babban birni ba. An kasa ƙasar gunduma-gunduma, kimanin 13,000, kowace da hukumar makarantunta, kuma a mafi yawansu mutanen wurin ne ke zaɓen membobin hukumar da ƙuri'a. Galibi ba manyan ƴan siyasa ba ne. Maƙwabta ne, wasu ko albashi ba su karɓa. Amma su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke ɗaukar babban shugaban makarantun gunduma su kuma sallame shi, su ke zama da ƙungiyar malamai kan albashi, kuma suna da ta cewa kan littattafan da za a sa wa yara. Kaso mai yawa na kuɗin daga harajin gidaje da filaye na mutanen wurin yake fitowa. Abin da gwamnatin tarayya ke sawa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma ba.

A yammacin birnin Denba, jahar Kolorado, akwai gundumar Jefferson. Unguwannin bayan gari ne na masu rufin asiri, da ɗalibai wajen 85,000 a lokacin, da kasafin da ya kai kusan dala biliyan 1 a shekara. Mutum biyar kawai ke zaune bisa wannan dukiya. Ka samu uku, ka samu komai.

A watan Nuwamban 2013 aka yi zaɓe. A Kolorado ana yin zaɓen hukumar makarantu a shekarar da ba a zaɓen shugaban ƙasa ko gwamna, ba a kuma rubuta sunan jam'iyya gaban ɗan takara, don haka mutane da dama ba su damu da shi ba. Mutum uku masu ra'ayin riƙau, Ken Witt da John Newkirk da Julie Williams, suka ci kujeru uku. Cikin ƴan watanni shugabar makarantun da ta daɗe a wurin ta tafi, suka kawo nasu. Suka ɗauki wa hukumar lauya na musamman. Suka ɗaura ƙarin albashin malami a kan makin da aka ba aikinsa. Malamai suka yi ta gunaguni, amma yawancin uwaye suna can suna sabgoginsu.

Abin da ya tada gari shi ne darasin tarihi. A Satumban 2014 Julie Williams ta kawo shawarar a kafa kwamitin da zai sake duba abin da ake koyarwa, a fara da tarihin Amurka na manyan azuzuwan lise. Abin da takardarta ke nema shi ne darussa su cusa kishin ƙasa da girmama hukuma da amfanin kasuwanci mai ƴanci, kada kuma su ƙarfafa tada zaune tsaye ko ƙin bin doka.

In ka ji shi da sauri sai ka ce ai ba laifi. Wa ke son tada zaune tsaye? Amma yaran wurin sun gane inda aka dosa. Tarihin ƙasarsu cike yake da mutanen da suka ƙi bin doka da gangan saboda dokar ta zalunci ce. Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba Bature a Montgomery a 1955, aka kama ta. Martin Luther King ya sha kwana a kurkuku. Ƙasar kanta da tawaye ga Sarkin Ingila aka kafa ta. Ta yaya malami zai koyar da wannan in an ce kada ya nuna ƙin bin doka da kyakkyawar fuska? Mu ma mu tambayi kanmu: da irin wannan ƙa'ida, yaya za a ba yaro labarin 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, abin da ya share hanyar babban taron ƙasa na 1991?

Malamai suka fara. Rana guda da yawansu suka ce ba su da lafiya, har aka rufe lise biyu. Satin da ya biyo ɗalibai suka riƙa fita daga aji, makaranta bayan makaranta, suna tsayuwa bakin titi da kwalaye. An ce kada a koya musu bijirewa, sai suka nuna ta a aikace. Hukumar ta sassauta shawarar a farkon Oktoba, ta wuce da ita uku da biyu, amma zuciyar mutane ta riga ta tashi.

Zanga-zanga ba ta cire kowa daga kujera ba, kuma nan ne darasin da ya fi damuna a matsayina na ɗan gwagwarmaya, don mu mun fi ƙwarewa a maci da kwali. Abin da ya cire su aiki ne mai gundura. Dokar Kolorado ta ba jama'a damar yi wa zaɓaɓɓe kiranye, wato a tsige shi da ƙuri'a tun wa'adinsa bai cika ba. Ana buƙatar sa hannun mutum 15,000 kan kowane ɗaya daga cikin ukun. Uwaye da malamai suka bi ƙofa-ƙofa da bakin kantuna a 2015, suka tara fiye da ninkin haka. Ranar 3 ga Nuwamban 2015 kusan kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a suka ce su sauka. Da yake sauran membobin biyu ba su sake tsayawa ba, hukumar ta wayi gari da sabbin fuskoki biyar.

Kada wani ya ɗauka labarin waliyyai da shaiɗanu nake bayarwa. Ba na tare da ukun nan kan maganar tarihi ko kaɗan. Amma ba satar akwati suka yi ba. Sun tsaya, magoya bayansu sun fito, sauran suka yi barci, suka farka shekara guda bayan haka suna salati. Sannan kuɗi ya shigo ta ko'ina. Ƙungiyar Americans for Prosperity, wadda ke da alaƙa da attajiran nan ƴan gidan Koch, ta kashe kuɗi wajen kare su. A ɗaya ɓangaren kuma, daga baya ta bayyana cewa ƙungiyoyin ƙwadago na malamai sun zuba kuɗi masu yawa a yaƙin kiranyen. Ke nan masu kuɗi da masu tsari sun san darajar kujerar tun kafin uban yaro ya sani. Shekara biyu aka yi ana faɗa a kan abin da da an fito rana ɗaya a 2013 watakila da ba a kai can ba.

Na san abin da wani zai rubuto: ina ruwan Maraɗi da Kolorado? Gaskiya ne, COGES ɗinmu, da yanzu takardu ke kira CGDES, ba ya tsara manhaja, ba ya ɗaukar malami, ba ya riƙe da biliyan. Waɗannan na ma'aikata ne a Yamai. Amma shi ke riƙe da gudummawar da uwaye ke tarawa dala-dala. Shi ke cewa bana zana za a saya ko tabur ko alli. Shi ya kamata ya tambaya in malami ya yi sati bai shigo aji ba, ko in an cire yarinya daga CM2 ba dalili. Kuma ba da tafi aka tsara a zaɓe shi ba. Lokacin da aka fara shirin "Makaranta don kowa" a jahar Tawa a 2004, tare da hukumar JICA ta Japan, ginshiƙinsa shi ne zaɓen wakilan uwaye da ƙuri'ar sirri. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya tashi a garuruwanmu: ba mai iya ɗaga hannu a gaban maigari ko Alhaji ya ce a'a, balle mace a gaban surukinta. A sirrance kuwa tana iya jefa wa wanda ta san zai yi aiki. Mu ne muka bari abin ya koma "a bar shi ya ci gaba".

Ban ce Alhajin unguwarmu ya ci ko dala ba. Mai yiwuwa ma daga aljihunsa yake cikawa. Abin da na ce shi ne ba wanda ya tambaye shi lissafi ranar nan, ba wanda aka ba dama ya tsaya, kuma matan da suka fi kowa yawa a tabarmar ba a ji muryar ko ɗaya ba. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, wannan na cikin ƴan wuraren da suka rage inda talaka zai zaɓi wani da hannunsa. Mu da ke cika wannan shafi da dogayen rubutu kan dimokuraɗiyya, mutum nawa cikinmu suka san sunan ma'ajin kwamitin makarantar da ke bayan gidansu?

Na je wurin direkta satin da ya wuce na tambaye shi ranar taron bana. Ya yi mamaki, ya ce ni ne na farko da ya taɓa zuwa tambaya. Na roƙe shi abu biyu: a karanta lissafin bara a gaban kowa, da Hausa, kuma a kawo kwali a yi akwati. Ya ce zai yi magana da Alhaji. Inna kuwa ta ce bana ba aike, da ƙafarta za ta je, ita da matan adashensu.